Wufa a Falo: Abin da Ke Sa Bes Ya Yi Nauyi ko Ya Koma Ruri

Duk wanda ya leƙa shagunan kayan lantarki a Katsina, ko a babbar kasuwa ko a bakin manyan tituna, zai ga kwalayen kayan sauti an jere su ɗauke da manyan lambobi: wani an rubuta masa wat 3000, wani 5000, wani kuma 2.1 ko 5.1. Masu haɗa kayan ɗakin amarya da magidanta masu son gyara falo sukan zaɓi wanda lambarsa ta fi girma, a kunna musu a shago su ji ƙasa tana amsawa, su biya su tafi. Ƙorafin yakan biyo baya ne bayan an kai gida. Wani ya tarar sautin ya zama ruri, taga tana karkarwa, muryar mai magana ta dushe, wani kuma ya tarar nauyin da ya ji a shago ya ɓace gaba ɗaya idan ya zauna a tsakiyar falo. Galibi ana ɗora laifin a kan mai shago ko a ce kayan jabu ne, alhali a lokuta da yawa na'urar lafiyarta lau, ɗakin da aka kai ta da yadda aka saita ta ne suka sauya sakamakon.

Abin da ake nufi da bes

Sauti kaɗawar iska ce, kuma ana auna shi da yawan kaɗawar da ake samu a daƙiƙa guda. Ma'aunin ya samo sunansa daga masanin kimiyyar nan na Jamus, Heinrich Hertz, ana kuma taƙaita shi da Hz. Kunnen matashi mai lafiya yana jin abin da ke tsakanin Hz 20 da Hz 20,000. Bes shi ne ɓangaren ƙasa na wannan tsani, daga Hz 20 zuwa wajen 200, wato sauti mai kauri wanda idan ya yi ƙasa sosai ƙirji kan ji shi kamar yadda kunne ke ji. Tsirkiya mafi kauri a jitar bes mai tsirkiya huɗu tana kaɗawa a wajen Hz 41, maɓalli na ƙarshe a hannun hagu na fiyano yana ba da Hz 27.5, muryar namiji baligi kuwa idan yana magana tushenta yana tsakanin Hz 85 da 180.

Sabwufa, wadda a kasuwa ake taƙaitawa da wufa, sifika ce da aka keɓe wa wannan ɓangare kaɗai. Iri biyu ce: akwai mai ɗauke da amfilifayarta a cikin akwati, wadda ake jona wa wuta kai tsaye, akwai kuma wadda sifika ce kawai a akwati, sai an nemo mata amfilifaya daga waje. Lambar 2.1 tana nufin sifiku biyu, dama da hagu, da wufa ɗaya. Haka 5.1 take nufin sifiku biyar da wufa ɗaya, tsarin da ya bazu daga gidajen sinima bayan fitowar Dolby Digital a 1992.

Dalilin da ya sa ƙaramar sifika take gazawa

Sifika tana fitar da sauti ne ta hanyar tura iska gaba da baya da faifanta. Ƙa'idar da ta fi muhimmanci a nan ita ce, duk lokacin da aka raba yawan kaɗawa gida biyu, sai sifika ta tura iska ninki huɗu kafin ƙarfin sautin ya tsaya yadda yake. Daga Hz 80 zuwa 40 ninki huɗu ke nan, daga 80 zuwa 20 kuma ninki goma sha shida. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da masu tambura a ƙofar fada ranar hawan Sallah ya san bambancin da ke tsakaninsu da kalangu: kalangu yana da zaƙin murya yana kuma kai wa nesa, amma faɗin fatar tambari da zurfin cikinsa ne ke ba da dirin da ake ji a ciki. Faifan wufa mai inci 12 ya kusa ninka faɗin faifan inci 5 sau shida, kuma an gina shi ya yi tafiya mai nisa gaba da baya ba tare da ya yage ba.

Kunnen mutum ma yana ƙara wa aikin wuya. Tun a 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson na ɗakin binciken Bell a Amurka suka nuna cewa kunne ba ya jin sauti mai kauri da sauƙi kamar yadda yake jin na tsakiya, musamman idan an rage murya. Shi ya sa da dare, idan aka rage rediyo, bes ne yake fara ɓacewa.

Masu ƙera sifika suna da wata ƙa'ida da ake dangantawa da Josef Anton Hofmann, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin KLH. Abubuwa uku ake nema a akwatin sifika, wato zurfin bes, ƙanƙantar akwati, da ƙarancin cin wuta, amma biyu kawai ake iya samu a lokaci guda. Ƙaramin akwati mai kai wa ƙasa sosai dole ya ci wuta mai yawa, wanda kuma yake ƙarami ba ya cin wuta to ba zai yi zurfi ba, ko da me aka rubuta a kwalinsa. Yawancin wufofi masu araha da ke zuwa tare da hom tiyata suna da faifan inci 5 zuwa 6 da rabi, kuma abin da suke yi shi ne ƙara ƙarfi a wajen Hz 60 zuwa 100 don a ji dukan ganga a shago. Ƙasa da Hz 50 kusan ba su da abin cewa.

Lambobin da ke jikin kwali

Babbar lambar da ake bugawa a kwali sau da yawa tana tare da haruffan PMPO, kuma babu wata ƙa'ida ɗaya da aka amince da ita wajen auna ta, kowane kamfani da yadda yake lissafinsa. Wadda ta fi kusa da gaskiya ita ce mai haruffan RMS, domin ita ce ke nuna ƙarfin da amfilifaya take iya bayarwa a jere ba tare da tsayawa ba. Rikicin ya tsufa, don tun a 1974 hukumar kula da ciniki ta tarayyar Amurka ta kafa doka a kan yadda za a riƙa bayyana ƙarfin amfilifaya ga masu saye. Mai saye a Katsina yana da hanya mai sauƙi ta bincike: ya juya na'urar ya karanta yawan wutar da take ja daga soket. Na'urar da take jan wat 60 ba za ta iya fitar da wat 3000 a jere ba.

Ko lambar ta gaskiya ce, amfaninta bai kai yadda ake zato ba. Ninka wat sau biyu yana ƙara desibel 3 ne kacal (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), ƙarin da kunne yake ji amma ba mai yawa ba, kuma kafin mutum ya ji sauti ya ninka ƙarfi sai an ƙara kusan desibel 10, wato wat ninki goma. Lambar da ta fi cancanta a nema ita ce mafi ƙarancin Hz da wufar take kai wa, tare da girman faifai da girman akwati.

Ɗaki ne yake da rinjaye

A nan ne mafi yawan ruɗanin yake, kuma lissafinsa ba shi da wuya. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa. Idan aka raba wannan da yawan kaɗawa, ana samun tsawon igiyar sautin guda: a Hz 1000 santimita 34 ne, a Hz 80 mita 4.3, a Hz 40 kuma mita 8.6. Ke nan igiyar bes ta kai girman ɗaki ko ta fi shi. Idan ta bugi bango ta dawo, sai ta haɗu da mai zuwa a bayanta, a wani wurin su taru ƙarfi ya ninka, a wani wurin su kashe juna. Wuraren ba sa sauyawa muddin bangon yana nan.

A ɗauki ɗakin da magina suka fi yi, mai ƙafa 12 a tsawo da 12 a faɗi, wato kusan mita 3.7. Kaɗawar farko da irin wannan ɗaki yake riƙewa tana wajen Hz 47, ta biyu a wajen 94. Da yake tsawo da faɗi ɗaya ne, ɓangarorin biyu suna ƙarfafa kaɗawa iri ɗaya, shi ya sa ɗaki mai murabba'i ya fi kowane wuyar sha'ani. A jikin bango sautin Hz 47 yana kumbura, a tsakiyar ɗaki kuwa yana kusan mutuwa. Yadda ake jera kujeru a falon Bahaushe, kowace ta jingina da bango an bar tsakiya ga kafet, yana sa baƙon da ke kan kujera ya ji ruri ya dame shi, yaron da ke zaune a tsakiyar kafet kuma ya ce ba ya jin bes, ya tashi ya ƙara murya. Dukansu gaskiya suke faɗa. Ƙarin wat ba ya cike wurin da igiyoyi suke kashe juna, domin igiyar da ke dawowa ma ƙaruwa take yi daidai da mai tafiya.

Irin ginin yana da tasiri. Bangon bulo da aka shafe da siminti, haka ma katangar ƙasa mai kauri irin ta tsoffin gidajen cikin birni, suna mayar da bes kusan duka, saɓanin gidajen Amurka masu bangon allo mara nauyi wanda yake lanƙwasawa ya shanye wani abu. Don haka shawarar da aka karanta a intanet ba lallai ta yi daidai da falo a Ƙofar Ƙaura ko Daura ba. Labule da kafet suna rage amsa-kuwwar da tayil ke jawowa a sautin tsakiya da na sama, kuma suna taimaka wa murya ta fito sarai, amma sun yi sirara da yawa su tare igiya mai mita takwas. Manyan kujerun kushin da katifa mai kauri sun fi su tasiri, ƙofa ko taga a buɗe kuma takan bar wani ɓangare ya fice. Wannan ma yana cikin dalilan da suka sa shago mai buɗaɗɗen gaba yake ba da sauti daban da na gida.

Akwai kuma ƙarar da ba daga sifika take fitowa ba. Silin na roba, gilashin taga mai zamiya, hoton bango, da kwanukan jere a cikin kabad ɗin amarya duk suna karkarwa idan kaɗawar ta dace da su, kuma mai gida yakan ɗauka faifan wufa ne ya fashe. Dafa hannu a kan abubuwan ɗaya bayan ɗaya yayin da kiɗa ke tashi yana tona wanda ke da laifi, ɗan soso ko roba a maƙale kuma yakan kashe maganar.

Dangane da inda za a ajiye wufa, kusurwa tana ƙara mata ƙarfi domin bango biyu da daɓe suna tattara sautin, amma kuma ita ce take tayar da dukan kaɗawar ɗaki a lokaci guda. Ƙaramar wufa a babban falo takan amfana da kusurwa, babba a ƙaramin ɗaki kuwa takan zama fitina a wurin. Masu harkar sauti suna da wata dabara da ba ta cin ko kwabo: a ɗora wufar a kan kujerar da aka fi zama, a sa kiɗa mai bes da ke hawa da sauka, sannan mutum ya durƙusa ya bi gefen bango yana saurare, kansa kusa da ƙasa. Inda ya ji kowane sauti yana fita daidai, babu wanda ya danne wani, nan ne mazaunin wufar. Dabarar tana aiki ne saboda hanyar da sauti ke bi tsakanin wurare biyu ɗaya ce, ko daga wane ɓangare aka taso.

Maɓallai uku na bayan akwati

Na farko shi ne wanda aka rubuta wa Crossover, wato iyakar da wufa take tsayawa ta bar wa sauran sifiku aiki. Kamfanin THX, wanda aka kafa a 1983 don daidaita sautin gidajen sinima, ya tsayar da Hz 80, kuma yawancin masu ƙera kayan gida sun bi shi. Hujjar ita ce ƙasa da nan kunne ba ya iya gane daga ina sauti yake fitowa, don haka ana iya ajiye wufa a gefe ba tare da an ji ta ware ba. Idan aka murɗa iyakar zuwa Hz 150 ko 200, tushen muryar namiji yana shiga wufa, sai a ji mai karanta labarai ko mai wa'azi kamar yana magana daga cikin rijiya. Sai dai wanda sifikunsa ƙanana ne ƙwarai, masu inci 3, ba shi da zaɓi, domin ba sa sauka zuwa 80, kuma idan ya rage iyakar zai bar rami a tsakani. Mafita gare shi ita ce ya ajiye wufar a gaba, tsakanin sifikun biyu.

Na biyu shi ne mai lamba 0 da 180, wanda ke juya tafiyar faifai don ya tura iska tare da sauran sifiku maimakon ya ja lokacin da suke turawa. Ana gwada duka biyun daga wurin zama, a bar wanda bes ya fi cika. Na uku shi ne na ƙarfin murya, kuma a nan aka fi wuce gona da iri. Ma'aunin da ƙwararru suke bi shi ne a ƙara har a fara jin wufar a matsayin abu dabam, sannan a ɗan rage. Haka kuma ƙarin bes da ake yi daga waya ko rimot ba kyauta ba ne, don ƙarin desibel 6 yana neman wat ninki huɗu daga amfilifaya, idan kuma ba ta da shi sai sautin ya tsage, wayar cikin sifika ta yi zafi.

Inda ra'ayi ya rabu

Akwai masu ganin cewa kiɗan sitiriyo ba ya buƙatar wufa, manyan sifiku biyu masu kyau sun wadatar, kuma wufar da ba a saita daidai ba ɓarnarta ta fi gyaranta. Ɗaya ɓangaren suna cewa wurin da ya dace da sifikun dama da hagu ba safai yake dacewa da bes ba, don haka raba aikin yana ba da damar ajiye kowanne inda ya fi, yana kuma sauke wa ƙananan sifiku nauyi su fitar da murya tsaf. Abin da ake saurare ne yake raba gardamar. Gidan da aka fi jin karatun Alƙur'ani, tafsiri da labarai ba zai ga wani amfani a wufa ba, kuɗin ya fi kyau a sa shi a sifiku biyu masu inganci. Mai kallon finafinai da mai jin kiɗan zamani da ake haɗawa a kwamfuta su ne za su ji bambanci nan take.

Saɓani na biyu a kan akwati ne. Rufaffen akwati, wanda Edgar Villchur ya yi fice da shi a 1954, yana da ƙanƙanta kuma ƙarfinsa yana raguwa a hankali yayin da sauti ke yin ƙasa, amma yana neman wuta. Akwati mai bututun iska ya fi ƙara idan wat ɗinsu ɗaya ne, sai dai ƙasa da inda aka daidaita bututun ƙarfinsa yana faɗuwa da sauri, faifan kuma yana rasa abin da zai tare shi, idan bututun ya yi ƙanƙanta har huci ake ji. A ƙaramin ɗaki mai bangon siminti rufaffen ya fi sauƙin sarrafawa.

Na uku shi ne ko wufa ɗaya ko biyu. Binciken da Todd Welti na kamfanin Harman ya gabatar a 2002 ya nuna cewa wufa biyu ko huɗu, idan aka ajiye su a tsakiyar bangaye masu fuskantar juna, suna rage bambancin da ke tsakanin wannan kujera da waccan. Ga falon da ake tara baƙi, matsakaita biyu sun fi ƙatuwa ɗaya daidaita sauti, ko da yake kuɗi da wurin ajiya sukan hana.

Akwatin kafinta da matsalar wuta

Saboda tsadar kayan waje, matasa da dama sukan sayi wufar mota su kai wa kafinta ya haɗa mata akwati, mai gyaran rediyo kuma ya jona. Hanya ce mai yiwuwa, amma tana da sharuɗɗa. Girman akwati ba da ido ake yanke shi ba, kowace sifika tana da alƙaluman da ake lissafa shi da su, bisa aikin Neville Thiele na Ostareliya a 1961 da Richard Small bayansa. Katakon ya zama mai kauri, kamar milimita 18, kuma kada iska ta sami kafar fita ta haɗin. Babban haɗarin yana wajen jonawa: wufar mota galibi om 4 ce (om shi ne ma'aunin turjiyar sifika ga wuta), idan aka haɗa ta a kan waya ɗaya da sifikar gida mai om 8, nauyin yana sauka ƙasa da om 3, abin da yawancin amfilifayoyin gida ba su iya ɗauka ba tare da sun yi zafi ko sun ƙone ba. Ana kuma buƙatar matatar da za ta hana murya shiga cikinta.

Wutar Najeriya tana kaɗawa a Hz 50, daidai tsakiyar aikin wufa, don haka duk wata matsalar waya ko ta rashin jona ƙasa takan fito a matsayin gurnani mara yankewa. Jona talabijin, dikoda da wufa a soket ɗaya yakan rage shi. Inbata mai araha wadda wutarta ba ta da santsi, da ƙaramin janareta, su ma suna jawo zuza, hawa da saukar wuta kuma yana cikin abubuwan da suka fi kashe amfilifayar cikin wufa, shi ya sa kuɗin sitabilaiza ya kamata ya shiga lissafi tun farko. Masu sola za su fi samun sauƙi da amfilifaya nau'in D, wadda take mayar da kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da ta ja zuwa ga sifika.

Maƙwabta da lafiyar kunne

Bango yana tare sautin sama fiye da yadda yake tare bes, saboda haka maƙwabci a gidan haya ko a unguwar da katanga ɗaya ta raba gidaje ba ya jin waƙar, dukan kawai yake ji, ko da a cikin falon ana ganin muryar ba ta kai ta kawo ba. Ɗora wufa a kan roba mai kauri yana rage abin da ke bi ta daɓe, janye ta daga bangon da aka haɗa da maƙwabci ma yana taimakawa, amma rage ta bayan Isha ya fi duka tasiri. Najeriya tana da dokar taƙaita hayaniya ta 2009 a ƙarƙashin hukumar kula da dokokin muhalli ta NESREA, ko da yake a aikace irin wannan ƙara mai unguwa ne ya fi sauraronta. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ba da shawarar cewa baligi kada ya wuce awa 40 a mako yana sauraron sauti mai desibel 80, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci gida biyu. Ga yara ma'aunin ya sauka zuwa desibel 75, kuma su ne suka fi zama a ƙasa kusa da akwatin.